Kafin a murɗa sukurun kafireto, a nemo inda iska ke kutsawa

A garejin babura na Talata Mafara, musamman ranar Talata da kasuwa ke ci, ƙorafin 'yan kabu-kabu da manoma kusan iri ɗaya ne: babur ba ya silo, ba ya tashi sai da cok, ko kuma a saki totur ya ci gaba da ƙugi. Maganin da mu makanikai muka saba bayarwa shi ma ɗaya ne, a wanke kafireto, a murɗa sukuru, a sauya fulogi, mai babur ya biya ya tafi. Abin da sana'ar nan ta nuna mini shi ne da yawa daga cikin baburan nan kafiretonsu lafiyarsa ƙalau. Iska ce ke shiga injin ta ɓarauniyar hanya, kuma duk gyaran da aka yi ba a toshe hanyar ba, an rufa wa ciwo asiri ne kawai.

Injin fetur yana son abincinsa a aune, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai idan an auna da nauyi. Aikin kafireto ke nan, ya ba da mai daidai da iskar da ta ratsa ta cikinsa. Tsakaninsa da kan inji akwai ɗan gajeren bututu, manifol, wanda a baburan da muke hawa irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue ake haɗa shi da roba da gasket ko zoben roba. Idan ya tsage, fistan zai zuƙo iskar da kafireto bai san da ita ba, sai iska ta rinjayi mai. Duk wanda ya yi noman rani a Bakalori ya san halin injin ban ruwa idan tiyon zuƙa ya huje: yana ta ƙara, amma iska yake ja. Dalilin da ya sa matsalar ta fi bayyana a silo kuwa shi ne a lokacin ƙofar totur na rufe, ƙarfin zuƙa a cikin manifol ya kai matuƙa, man da ake bayarwa kuma ɗan kaɗan ne, don haka tsagar da ido ba ya gani ta isa ta ɓata ma'auni.

Yankinmu ba ya yi wa roba sauƙi. Zafin bazara kan haura digiri 40, ga zafin injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, hunturu ya zo ya busar da robar ta yi tauri. Sai a ɗora buhun shinkafa da mutum biyu a bi hanyoyin ƙauyukan Bakura da Maradun, kafireto na jijjiga a wuyan robar da ta riga ta mutu. Akwai kuma laifin hannunmu, wanda bai kamata a ɓoye ba: yaron gareji ya ɓanɓaro kafireto da sukundireba, ya mayar da tsohon gasket, ya ɗaure noti ɗaya tamau kafin ya taɓa ɗayan, fuskar manifol ta karkace.

Wani zai ce ai man 'yan bumburutu ne ke jawo wannan, ko datti ne ya toshe jet. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, domin jet ɗin silo da ya toshe yana ba da alamomi masu kama da waɗannan, haka ma bawul da ya matse. Amma kamannin shi ne hujjar a yi gwaji maimakon zato, kuma gwajin ba ya cin kuɗi. A bar inji ya ɗumama yana silo, a fesa ɗan ruwa a mahaɗar manifol da kan inji, sannan a mahaɗarsa da kafireto. Idan muryar inji ta sauya, nan ne ƙofar. A ɗan girgiza kafireto da hannu a saurara. A cire fulogi a duba: bakinsa fari ƙal alamar mai ya yi kaɗan ne, baƙi mai kunkunniya alamar ya yi yawa, lafiyayye kuma kalar ƙasa-ƙasa yake. Masu zuba fetur a kan inji mai zafi don wannan gwajin su daina, ga salansa ga wayar fulogi, gobara ba ta sallama.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗan kabu-kabu na lissafin kowace lita, har wasu na murna cewa babur ɗinsu ya rage shan mai. Ba na raina wannan lissafi, amma bai cika ba. Haɗin da iska ta yi wa yawa yana sa inji zafi fiye da ƙima, bawul ɗin salansa ya ƙone, kan fistan ya ci wuta, ƙarfin ja ya ragu har mahayi ya riƙa murɗa totur fiye da da, ribar man ta tafi a nan. Mafi muni, iskar da ta shiga ta tsaga ba ta bi ta matatar iska ba. Ƙurar hunturu da yashin hanya ne kai tsaye cikin silinda, su gauraya da baƙin mai su cinye ringi da bango. Ƙarshenta hayaƙi da shan baƙin mai da sauke inji, kuɗin da ya ninka na manifol sau da yawa. Babur da ya mutu da mutum a dajin da ke tsakanin garuruwanmu a wannan zamani kuwa, kowa ya san asararsa ta wuce ta kuɗi.

Su kuma masu cewa a shafa gam ko a naɗe da robar tayub, wannan dabara ce ta kai mutum gida, ban hana ta a hanya ba. Fetur da zafi za su cinye ta, wani ɓallin gam ma ya faɗa cikin inji. Gyaran gaskiya shi ne a sa sabon manifol da sabon gasket, a goge fuskar da ta karkace a kan takardar yashi da aka shimfiɗa bisa gilashi, a ɗaure notuna bi da bi a hankali, a duba kilif da robar matatar iska, sannan a ƙarshe a saita sukuru inji na da zafi. Ina roƙon iyayen gida masu gareji su koya wa yaransu wannan gwaji kafin su ba su damar taɓa sukurun kafireto. Kai kuma mai babur, idan an saita maka kafireto sau biyu matsalar ta dawo, ka ce a duba maka manifol a gabanka.