Filin Shawara: Kada a Rufe Bango Kafin a Tare Sanyi

Anti, muna zaune a Leeds, Ingila. Gida ya yi mana kaɗan, sai maigida ya sa ana mayar da ƙarƙashin rufi ɗakin kwanan 'yan matanmu biyu. Yanzu kuɗi sun ja baya, ya ce a buga allon filasta kawai, abin tare sanyi ya jira baɗi, hita ta isa. Da na yi magana ya ce ba na ganin ƙoƙarinsa. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Leeds

'Yata, fara da yi masa godiya, don mutumin da ya ga yaransa a takure ya nemo musu ɗaki ya cancanci yabo. Amma kada godiya ta ɗaure miki baki. Ke ma ina kike lokacin lissafi? Na san ku, ana can ana zaɓen labule da kafet, an manta da abin da ido ba ya gani. Tun ran gini ran zane.

Gidan da rufinsa ba kariya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta sama yake tserewa. Hita za ta kwana tana aiki, kuɗin wuta ya hau, yara kuma suna makyarkyata. Numfashinsu zai taru a bango mai sanyi ya zama raɓa. Wata rana ki ja gado ki tarar kusurwa ta yi baƙi ƙirin da fumfuna, katifa tana warin danshi, ƙaramar tana tari cikin dare. A 2020 fumfunar gida ce ta yi ajalin Awaab Ishak, ɗan shekara 2, a Rochdale. Wace uwa za ta iya barci da wannan a ranta?

Ga abin da za ku nema wurin magini. A sa allon kumfa mai tauri, irin Celotex ko Kingspan, tsakanin katakan rufi, a ƙara wani a ƙarƙashinsu. A bar ratar santimita 5 a bayansa domin iska ta ratsa. A shimfiɗa ledar tare danshi ta ɓangaren ɗaki kafin allon filasta. Kumfar feshi kuwa ku yi hattara da ita, wasu bankuna na ƙin ba da bashin sayen gidan da aka fesa wa.

Kuma dole jami'in duba gini ya ga aikin kafin a rufe, har da ƙofofin tare gobara da ƙararrawar hayaƙi. In babu takardar kammalawa, ranar sayar da gida za ku sha wuya.

Kada ki tare maigida gaban magini. Bari ya ci ya huta. Ce masa, "Baban yara, a dakata da fenti da kafet, a fara da abin tare sanyi." In kina da adashi, ɗora naki a kai. Gyara bayan an rufe bango sai an fasa, kuɗi biyu ke nan.

Ku kuma sauran masu karatu, duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano ba silin a watan Afrilu ya san wannan azaba, sai dai a Ingila da hunturu sanyi ne ke shigowa ta inda zafi ke shigo mana. Araha ba ta ado. Ɗakin da ba za ku iya kwana a ciki ba, kada ku kwantar da yaranku.

Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yata. Ki rubuto min yadda kuka ƙare.