Kada Ka Yi Saurin Sauke Giyabos Ɗin Volvo Ɗin Nan

Ɗana, na ji labarin tsohuwar Volvo 244 da aka kawo garejinka, wadda mai ita ya ce ta marigayi mahaifinsa ce, Allah Ya jiƙansa. An ce giyar ƙarin ta daina shiga, kai kuma har ka sa yara su tanadi jak gobe a sauke giyabos. Ka dakata tukuna, ka ba ni aron kunnenka. Mutumin nan amana ya kawo maka, domin motar gado ba kamar sauran motoci ba ce.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Wannan tukunyar da ke manne a bayan giyabos, wadda Turawa ke kira obadirayib, wato mai ba da giyar ƙarin, aikin kamfanin Laycock ne na birnin Shefil a Ingila, bisa ƙirar wani injiniya mai suna Edgar de Normanville. Tun 1948 aka fara sa ta a mota, kuma MG da Triumph da Jaguar duk sun yi amfani da ita, amma babu wanda ya saye ta da yawa kamar Volvo. Giyabos ɗin da ke gabanka shi ake kira M46: giya huɗu, sannan maɓalli a kan sandar giya. Idan direba ya kama dogon titi a giya ta huɗu ya danna maɓallin, juyin injin yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, wato injin da ke juyi 3,500 a minti ya sauko wajen 2,800. Ƙara ta lafa, mai ya yi auki.

Wuta ce ke ba da umarni, mai ne ke yin aikin. Maɓalli ya aika wa rile, rile ya aika wa solanoyid, shi kuma ya buɗe wa mai hanya. Wani ɗan famfo da sandar giyabos ke bugawa ya tara ƙarfin man, ƙarfin ya ja wani kuloci mai siffar mazurari ya danne haƙorin tsakiya, sai sauran haƙoran su zagaya shi, gudun baya ya fi na gaba. Ka ga ke nan akwai wurare da dama da abu zai iya tsayawa tun kafin a kai ga ƙarfen ciki. A shekarun da na yi ina kwanciya ƙarƙashin irin motocin nan, mafi yawan waɗanda aka ce sun mutu, waya ce ta tsinke ko mai ya yi ƙasa.

Don haka ka fara da fis. Daga nan ka cire kan sandar giya ka duba siraran wayoyin da suka bi ta cikinta, domin duk sauyin giya sai sun lanƙwasa, shekara talatin ko arba'in kuwa ba wasa ba ce. Ka kunna makulli, ka sa giya ta huɗu, ka danna maɓalli, wani yaro ya ɗora ƙwan gwaji a bakin solanoyid. In ƙwan bai kama ba, aikin mai wayarin ne, ba na sifana ba. Akwai kuma wani ɗan makunni a jikin giyabos da ke hana wutar wucewa sai a giya ta huɗu. Ina roƙonka da girman Allah, in ya lalace ka sauya shi, kada ka haɗe wayoyinsa don aiki ya yi sauri. Ina saurayi na taɓa yin haka. Mai motar ya sa ribas giyar ƙarin tana ciki, wani kuloci da ke juyawa gefe ɗaya kawai ya tarwatse ya fasa abin da ke kewaye da shi. Motar ta yi wata da watanni a garejin maigidana, kuma har yau ina tuna fuskar mutumin. Haka nan in ka ga giyar ta shiga ta ƙi fita, kada kowa ya ja motar baya, ko da turawa ne.

Sai mai. Tukunyar da giyabos mai ɗaya suke sha, kuma Volvo ta ce a sa wa M46 jan man nan na giya mai sauya kanta. Ita MGB ta kamfanin MG baƙin man injin take so. Kowace da cimarta, kada a ɗura mata man difaransha mai kauri don kawai shi ke kusa. Ka tsiyaye tsohon man a faranti mai tsabta ka duba shi a rana. Ɗan baƙin gari ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, to magana ta canza. Ka kwance farantin ƙasa, ka wanke rariyar da ke ciki, ka sauya robobin solanoyid waɗanda zafinmu ke busar da su har su dinga karyewa kamar ƙuliƙuli. Shi solanoyid da siririyar sifana ake kwance shi ta gindi. Wanda ya kama jikinsa da filaya ya matse shi, ya kashe abin da yake da rai. Bayan wannan, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai, a ɗage ƙafafun baya a kan tsayayyun ƙarafa masu kyau, domin famfon ba ya aiki sai sanda tana juyawa. Sai agogo ya nuna ƙarfi ya cika amma giyar tana zamewa, sannan ne za ka ce kulocin ciki ya cinye, a sauke.

Maganar kaya ita ta fi buƙatar haƙuri. An daɗe da daina ƙera wannan tukunya a Shefil, kuma iri-iri ce: akwai A, D, LH, J da P. Ta 240 mafi yawa J ce. A ido suna kama da juna, amma ba duk kayan wata ne ke shiga wata ba, kuma ko J ɗin ma, ta Triumph da ta Volvo sun bambanta ta baya. Akwai ɗan allon ƙarfe a jikinta mai lamba. Ka goge shi ka ɗauki hotonsa a waya kafin ka taka ƙafa zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko ka aika Ladipo a Legas. Tafi da tsohon kayan a hannu. In ka dace da giyabos ɗin Beljiyam cikakke da tukunyarsa, saye shi gaba ɗaya ya fi, ko don ka riƙa cirar kaya a jikinsa. Ka kama bakinta na baya ka juya, ka nemi a buɗe farantin ƙasa a gabanka ka ga rariyar. Kada wani ya sayar maka da tukunya ita kaɗai a kan za ta hau giyabos mara ita. Sandar cikinsu ba ɗaya ba ce.

Robobi da fakin da rariya kuwa, sababbi za ka nema, kada ka sa na gwangwan. A Ingila da Suwidin da Amurka har yanzu akwai masu sana'ar gyaran waɗannan tukwane da sayar da ƙananan kayansu ta intanet, kuma ba su da nauyin da zai sa kuɗin aike ya gagara. Ka faɗa wa mai motar gaskiya cewa zai jira makonni, ka nuna masa lambar da kuɗin, ya yanke da kansa. Kafin kayan su iso, motarsa za ta iya yawo da giya huɗunta lafiya lau.

In har ta kai ga saukewa, ka fara hawa motar ka sa giyar ƙarin in tana ɗan shiga, sannan ka fitar da ita kana take da kuloci, don haƙoran sanda su saki, in ba haka ba za ta cije ta ƙi rabuwa da giyabos. Ranar ka aiko a ɗauke ni da safe, zan zo da agogon awona da ƙaramin makullin nan mai ƙaho biyu na kwance murafan ƙasa, yana nan cikin tsohon akwatina.