Kafin Ka Ce Ba Su San Kiɗa Ba

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini kwana biyu ba ka sakin fuska, wai tun da ka kai wa wani babba a sitidiyo waƙar da ka haɗa, bai kai ƙarshenta ba ya kashe, ya ce kiɗa ya danne murya. Na san zafin abin, domin mutum ya yi dare uku a gaban kwamfuta yana ɗaga wannan yana sauke wancan a FL Studio, sannan a sallame shi da magana guda, akwai ciwo. Amma zauna, Allah ya yi maka albarka, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Kunnen da ya ji waƙa sau ɗari ya riga ya haddace ta, saboda haka ko muryar ta nutse ƙarƙashin ganga da fiyano, ƙwaƙwalwarka za ta cike maka gurbin, har ka rantse kana jin kowane baiti. Baƙon kunne ba shi da wannan hadda, abin da ya fito daga lasifika kawai yake ji. Mu kuwa magana muke bi a waƙa, in ba a ji abin da mawaƙi ya faɗa ba, duk daɗin kiɗan ya tashi a banza. Ga shi kunne yana da son zuciya, abin da ya fi ƙara shi ya fi masa daɗi, shi ya sa in za ka gwada aikinka da waƙar wani gwani, sai ka daidaita ƙararsu tukuna.

Akwai wata lasifika mai farin baki da Yamaha ta fitar a 1978, NS-10, wadda manyan sitidiyo na duniya suka riƙe shekara da shekaru saboda ba ta rufa wa aiki asiri. Mutum mai irin halin wannan lasifika za ka nema. Abokanka masu cewa "wallahi ta haɗu" ƙaunarka suke yi, a gode musu, sai dai ba su ƙara maka komai ba.

In ka samu mai saurare, kada ka fara da ba da uzuri, wai ban gama ba, wai hedifon ɗina ne ba shi da kyau. Kunna, ka yi shiru, ka dubi fuskarsa. In ya gama ka tambaye shi wace kalma ce bai ji ba, kuma a ina ya ji kunnensa ya gaji. Ba sai gwani ba ma. Ƙanwarka tana wanke-wanke da waya a kan tagar kicin, ko direban A Daidaita Sahu da lasifikarsa mai karkarwa, za su nuna maka inda ciwon yake, domin a irin waɗannan wurare waƙarka za ta rayu. Maganin dai kai za ka nemo.

Kuma ban ce ka bi kowace magana ba. In mutum uku suka taɓa wuri guda, gyara. In mutum ɗaya ne, ajiye ka kwana a kai. Bruce Swedien, wanda ya haɗa sautin "Billie Jean" ta Michael Jackson, ya ce sau 91 ya haɗa ta, daga ƙarshe furodusa Quincy Jones ya sa aka koma aka saurari ta biyu, kuma ita duniya ta ji. Saboda haka duk gyaran da ka yi, adana shi da lambarsa, kada ka goge na baya.

Ka sassauta kiɗan kaɗan, ka bar kunnenka ya huta zuwa gobe, sannan ka koma wa mutumin nan da sallama da godiya. Ranar Juma'a bayan an sauko ka kawo mini, a wayarka nake so in ji ta.