Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais: Rayuwarsa da Aikinsa

Gabatarwa

Wannan muƙala za ta dubi rayuwar Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, tsohon Alƙalin Alƙalan Nijeriya, tare da gudummawar da ya bayar wajen gyara harkar zaɓe.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haife shi a Zariya ranar 12 ga Yuni, 1936, a gidan shari'a, domin mahaifinsa babban alƙali ne a masarautar Zazzau. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa, sannan ya tafi Ingila, inda ya zama lauya a 1963.

Aikin Alƙalanci

Bayan ya yi alƙalanci a Babbar Kotu, sai aka ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1977, daga nan zuwa Kotun Ƙoli a 1979, yana ɗan shekara 43. Ya shugabanci kotun daga 1995 zuwa 2006, wato daga mulkin soja zuwa na farar hula. A zamaninsa ne, a 2002, kotun ta yanke hukunci a ƙarar da su Alhaji Balarabe Musa suka shigar, ta soke wasu sharuɗɗan da Hukumar Zaɓe ta gindaya wa masu neman rajistar jam'iyya, saboda sun saɓa wa tsarin mulki.

Kwamitin Gyaran Zaɓe

A 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince cewa akwai kurakurai a zaɓen da ya kawo shi mulki, don haka ya naɗa Uwais shugaban kwamitin gyara mai mutum 22. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Abuja a Disambar 2008. Babbar shawararsa ita ce a karɓe ikon zaɓo shugaban Hukumar Zaɓe daga hannun shugaban ƙasa, a miƙa aikin tantancewa ga Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa. Dalili kuwa shi ne, bai dace ɗan takara ya zaɓi wanda zai ƙirga ƙuri'arsa ba. Gwamnati ba ta karɓi wannan shawara ba.

Kammalawa

Uwais ya rasu a Abuja ranar 6 ga Yuni, 2025. Allah ya jiƙansa. Har yau shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban hukumar da amincewar Majalisar Dattawa, shi ya sa ake yawan tuna wannan rahoto duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. Ya kamata ɗalibai su neme shi su karanta.