Motsa Jiki da Kamun Kai Wajen Barin Shan Taba

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan barin shan taba sigari ya ke, da irin taimakon da motsa jiki da kamun kai ke yi wa mai neman rabuwa da ita.

A cikin shekarar 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka bayyana cewa akwai dangantaka tsakanin shan taba da ciwon daji na huhu. A 1951 suka shiga bin lafiyar likitoci maza fiye da 34,000 na ƙasar, aka yi shekara 50 ana bin su. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna cewa, bisa matsakaicin lissafi, mashayi ya kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Amma wanda ya bari yana ɗan shekara 40 ya kan ceto wajen 9 daga cikinsu, mai 50 ya ceto 6, mai 60 kuwa 3. Watau dai ba a makara.

To, me ya sa barin ya ke da wuya? A cikin taba akwai wani sinadari da a ke kira nikotin. Idan mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin ya kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa mutum jin daɗi. Bayan kamar sa'a 2 rabinsa ya bar jini, sai jiki ya sake nema. Ranar da aka hana shi, sai ga saurin fushi, da rashin barci, da yawan jin yunwa. Wahalar ta fi tsanani cikin makon farko, sa'an nan ta yi ta raguwa cikin mako 2 zuwa 4.

Abin lura shi ne, ƙishirwar taba ba ta wuni da ƙarfi ɗaya. Ta kan taso ne kamar guguwa, ta yi 'yan mintoci, ta kwanta. Saboda haka aikin mai bari shi ne ya tsallake waɗannan mintoci, kuma a nan ne motsa jiki ya ke da rana. A 2007 Adrian Taylor na Jami'ar Ekseta da abokan aikinsa suka tattara bincike 14, suka ga cewa ɗan motsa jiki kaɗan, kamar tafiya da sauri ta minti 15, ya kan rage ƙishirwar tun ana cikin tafiyar, har zuwa wani lokaci bayanta. Har wa yau motsa jiki ya kan taimaka wajen ƙiba, gama mai barin taba ya kan ƙara kilo 4 ko 5 cikin shekarar farko.

Amma kada a ɗora wa motsa jiki kayan da ya fi ƙarfinsa. A 2019 ƙungiyar masana ta Cochrane ta duba gwaje-gwaje 24, ba ta sami tabbatacciyar shaida ba cewa motsa jiki yana hana mutum komawa ga taba bayan watanni. Taimako ne na lokacin da jarabar ta taso. Ya kamata a haɗa shi da shawarar likita, da magunguna irin su cingam ko filastar nikotin, waɗanda ke ƙara sa'ar bari da kimanin rabi.

Kamun kai kuwa ba cije baki kaɗai ba ne. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mashayi ya ɗaure tabarsa ga waɗansu lokatai: bayan cin abinci, ko wajen shan shayi, ko a majalisar hira. Mai hankali tun da wuri ya ke shiri. Ya sa ranar bari, ya sanar da iyalinsa, ya kawar da kwalin sigari da ashana daga ɗaki da aljihu. Ya kuma yanke abin da zai yi idan lokacin ya zo: da ya wanke hannu bayan abinci, sai ya miƙe ya zaga unguwa. Wanda ya saba azumin watan Ramalana ya riga ya san yana iya wuni ba kara ko ɗaya. Wurin da zai tsare shi ne bayan buɗa baki.

Idan kuwa mutum ya yi tuntuɓe ya sha kara guda, kada ya ce ai shi ke nan. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Ya duba abin da ya kayar da shi, ya gyara shirinsa, ya sake ɗaura ɗamara a ranar.

A nan jawabin wannan mako ya ƙare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda. A huta lafiya.