Ciwon Fata Zai Iya Shiga Gaɓoɓi?

Maman Abba ta rubuto mana daga Funtuwa. Ta ce ta daɗe tana fama da ciwon fatar da likita ya kira soriyasis, mai ɓamɓaroki a gwiwar hannu da fatar kai. Yanzu kuma wani yatsanta ya kumbura suntum, da asuba diddigenta ba ya takuwa. 'Yan uwa sun ce sanyi ne. Tana tambaya ko akwai alaƙa, ko kuwa nakasa ce ta tunkaro ta.

Sannu, Maman Abba, Allah ya ba ki lafiya. Na fahimci abin da ke hana ki barci: hannun da kike girki da wanki da shi ne kike tsoron ya ƙage. Ki kwantar da hankalinki. Ciwon ba kuturta ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma wanda aka tari ciwonsa da wuri yakan ci gaba da hidimarsa.

Alaƙa kam akwai. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta afka wa fata, a wasu mutanen kuma ta wuce zuwa gaɓoɓi da wuraren da jijiya ta kama ƙashi, kamar agarar diddige. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu soriyasis kan gamu da wannan, galibi shekaru bayan fatar ta fara. Alamarsa ita ce sandarewa da safe fiye da minti 30, wadda ke saki idan an motsa. Dubi faratanki ma. Idan da ƙananan ramuka, ko farcen na rabuwa da nama, ki nuna wa likita.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, man shafawa ba ya isa ga gaɓa. Ibuprofen da diclofenac suna rage zogi, amma kumburin na nan yana cin ƙashi a hankali, kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take. Don haka kada ki jira. Ki nemi takardar turawa zuwa likitan amosanin gaɓoɓi a asibitin koyarwa, na Shika bai yi miki nisa ba. Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da ciwon, shi ya sa ya zama dole ki ambaci fatar ko da ta lafa.

Sau da yawa akan fara da methotrexate, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da awon jini don lura da hanta. Ba a shansa da juna biyu, ki faɗa wa likita idan kina neman haihuwa.

Don Allah ki guji sayen prednisolone ko dexamethasone a kemis. Sauƙinsu na ɗan lokaci ne, suna raunana ƙashi, barinsu farat ɗaya kuma kan tayar da fatar fiye da da. Idan idonki ya yi ja yana zogi, ki je asibiti a ranar, domin ciwon kan taɓa ido.