Kafin Ka Harhaɗa Bindigarka ta Farko

A Amurka, masu sha'awar bindigar toka irin ta ƙarni na 18 kan sayi sassanta su harhaɗa da kansu. In kana can, kuma gabanka na faɗuwa, ba laifi. Garaje ne abin tsoro.

Fara duba dokar jiharka. A Najeriya kuwa, ƙera bindiga ba izini babban laifi ne.

Katakon da ka sassaƙe ba ya dawowa. Shafa wa ƙarfen baƙin fitila, ka zaunar da shi a gurbinsa a jikin katakon, ka ɗaga. Inda ya bar tabo kaɗai za ka kankare, kaɗan-kaɗan.

Kada ka harba sai ƙwararre ya duba ta. Kuma baƙin albarushi za ka ɗura. Na zamani marar hayaƙi kan fasa bututun a hannun mai harbi.